Waƙar Baturiya ta Gidanmu

A gidanmu na Gada Biyu, a Jos, akwai wata waƙa da dukanmu muka tashi da ita a kunne, amma babu wanda ya san da wane yare aka yi ta. Waƙar Baturiya muke ce mata. Ba wai mun tabbatar Baturiya ce ta rera ba, faifan ne dai ya fito daga gidan Bature.

Kakana na wajen uba ne ya zo da shi. Bafillace ne dogo, mai ƙarancin magana. A ruga ya tashi, yana saurayi ciwo ya faɗa wa garkensu ya share shi, sai ya sauko bariki neman abin yi, lokacin haƙar kuza na tashe. Bai daɗe da diga da kwano ba wani Bature mai kula da ramuka ya lura ya iya da dabba, ya ɗauke shi aikin doki a gidansa na Rayfield. Da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu sai ya bar masa garmaho, irin wanda ake murɗa wa hannu, da faifai ɗaya tak. A lokacin kakana ya riga ya auri kakata, Bahaushiya 'yar cikin gari, wadda a da take tuyar waina a bakin barikin leburori.

Faifan baƙi ne mai nauyi, gefensa ya ɗan ɓare har ana hango farin ƙarfe a ciki. Akwai farar takarda a tsakiyarsa, amma danshin daminar Jos ya daɗe da shanye rubutun. Kakana ba ya yarda a kunna shi sai da Sallah, ko ranar suna, ko biki. Kuma ya hana a sa masa allurar ƙarfe. Da kansa yake zuwa bayan gari ya tsinko farar ƙaya, ya shanya ta, ya fere bakinta da aska, ya ɗaura a hannun garmahon. Ƙaya ɗaya, kunnawa ɗaya. Mu yara mun ɗauka wani asiri ne.

Idan ya ɗora ƙayar a kan faifan, sai a fara jin shuu kamar ruwa na zuba a kan kwano, sannan wani kiɗan tsirkiya mai gudu ya shigo, sai siririyar murya ta biyo baya, tana sheƙa kalmomi ba ta ko numfasawa. Ba a iya zama idan ta fara. Mu muke fara tsalle, 'yan mata su shiga, daga nan kakata ta ajiye ludayi ta gyara ɗaurin zani. Da yake ba mu san abin da ake faɗa ba, mun ƙirƙiro namu baitocin, muna cewa ta ci taliya ta gudu, ta bar kwano a daji. A can ƙarshe muryar takan yi wani ɗan tsiwa-tsiwa kamar ɗan tsako, mu ma mu kwaikwaya, mu zube ƙasa muna dariya.

Kowa da nasa bayanin. Goggona, ƙanwar babana, wadda ba ta da abin so kamar finafinan Indiya, ta ce Indiyanci ne, har takan nuna mana inda take jin an ambaci zuciya. Maƙwabciyarmu, wata Birom da muke kira Mama, wadda katanga ɗaya ta raba mu, takan leƙo da Sallah a ba ta nama ta tsaya rawa. Ita cewa ta yi muryar ta yi kama da ta Turawan mishan mata da ta ji a coci tana yarinya, sai dai su ba sa sauri haka, wannan kuwa sai ka ce kare ya biyo ta. Sai kuma baffanmu na ruga, ɗan wan kakana, wanda har yau yake kiwo a gefen dutse. Duk zuwan da zai yi da nono, in ya tarar ana jin waƙar, sai ya karkata kai ya ce shi fa yana jin kamar ana kiran saniya da Fillanci. Wannan magana ta zama abin tsokana a gidan. Goggo takan ce masa ko ƙarar injin niƙa ya ji zai ce saniya ce.

Na taɓa tambayar kakana, ina da kamar shekara takwas. Ya dube ni ya ce, "Amarya, ki tambayi mai waƙar mana." Ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki, ya fita masallaci. Na sha ganin kafaɗunsa na rawa idan ana kunna faifan, na ɗauka tari ne, don dama yana da shi.

Bayan rasuwarsa da kamar shekara biyu wayar cikin garmahon ta tsinke, aka rasa mai gyara. Allah ya taimaka goggo ta riga ta ɗauki waƙar a kaset, ta hanyar kara rediyonta a bakin garmahon tana daka wa kowa tsawa ya yi shiru. Daga kaset ta koma faifan sidi, daga nan ta shiga wayoyi. Har yanzu ba a gama biki a danginmu ba a sa waƙar Baturiya ba. Surukan da suka shigo mana daga wasu garuruwa sukan tsaya sororo a karon farko, a karo na biyu kuwa su ne kan gaba. Shi kuwa faifan, kakata ta naɗe shi a tsohon zani ta sa a ƙasan babbar kwallarta.

Ni malamar tarihi ce a wata sakandare. Wata shekara na sa ɗalibaina kowa ya zo da wani tsohon abu daga gidansu ya ba da labarinsa. Aka kawo fitilar mahaƙa, aka kawo kwabo mai huji, wata ta kawo ƙarfen guga na gawayi. Sai wata yarinya ta tambaye ni ina nawa. Na yi dariya na kunna musu waƙar a waya, suka tambayi labarinta, na ga ashe ba ni da abin faɗa. A ranar abin ya fara damuna.

Na fara da manhajar nan ta waya da ke saurarar waƙa ta faɗi sunanta. Ta yi ta juyi, ta ce ba ta samu ba. Da goggo ta ji ina bincike sai ta ce ba sai na wahala ba, ta ja ni shagon wani ɗan Indiya mai sayar da kayan ɗinki. Mutumin ya saurara har ƙarshe cikin ladabi, ya ce bai gane ko kalma ɗaya ba, amma ƙasarsu akwai yaruka da yawa da shi ma ba ya ji. Muna fitowa goggo ta ce to na ji da kunnena, ya tabbatar. Na ce mata ai cewa ya yi bai gane ba. Ta ce ai bai ce ba nasu ba ne.

Wani abokin aikina ne ya ba ni labarin wani dattijo a Tina Junction, wanda ya yi ritaya daga aikin injiniya a gidan rediyo, ya buɗe ɗan shago yana gyara lasifika da amfilifaya na masallatai da coci-coci. Ya ce in dai abu na juyawa yana fitar da sauti, tsohon nan ya san shi. Sai da na yi kwana uku ina lallaɓar kakata kafin ta buɗe kwallar. A lokacin ta haura tamanin, amma idonta da bakinta garau. Ta ce in dawo mata da shi kafin la'asar, in kuwa ya fashe kada in dawo ni ma.

Shagon na bayan masu sayar da dankali da kabeji ne, ƙarar keke da motoci ta cika wurin. Dattijon gajere ne, da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Hausarsa irin ta mutanen nan ce, mace da namiji duk "kai" yake ce musu. Na warware masa zanin. Ya goge hannunsa, ya ɗauki faifan ta gefe, ya shinshina shi, ya ɗaga shi wajen haske. Sannan ya nuna min wani ɗan huji na biyu kusa da na tsakiya, wanda duk tsawon shekarun nan ban taɓa lura da shi ba.

Ya ce wannan ba faifan kamfani ba ne, ba a taɓa sayar da shi a kanti ba. A zamanin kuza wasu Turawa suna da wani inji a gida, a sa masa faifai marar komai, mutum ya yi magana ko waƙa a gabansa, allura tana yanka muryar nan take. Hujin na biyu shi ke riƙe faifan kada ya zame lokacin yankan. Da injin suke yin wasiƙa, su faɗi gaisuwarsu da bakinsu, su sa a jirgin ruwa a kai wa iyayensu. Ya ce ya ga irinsa a ma'ajiyar wurin aikinsu yana sabon ɗauka, amma yawanci sun lalace, domin fuskarsu taushi gare ta, allurar ƙarfe kan cinye ta cikin 'yan kunnawa. Ya tambaye ni da me muke kunna namu har ya kai yau. Na ce da ƙaya, ina jin kunyar faɗa.

Sai ya cire tabaran ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce kakana ya san abin da yake yi. Su kansu Turawan, masu ji da faifansu, ƙaya suke saya a cikin 'yan gwangwanaye, an fere ta an goge, don ba ta cin faifai.

Ya jawo wani injin faifai na lantarki daga ƙarƙashin tebur, ya hure ƙura, ya canza masa allura. A jikin injin akwai maɓalli da lambobi uku. Ya sa shi a saba'in da takwas, ya ce wannan ne gudun garmaho mai hannu, ba shi da wani. Waƙar Baturiya ta tashi, ta fi yadda na san ta fitowa tas. Har ƙafata ta fara motsi. Shi kuwa ya haɗe gira, ya ɗaga allurar tun ba a yi nisa ba.

"Malama, wannan ba mace ba ne," in ji shi. "Namiji ne aka sa shi gudu."

Ya mai da maɓallin kan talatin da uku, ya sake ɗora allurar. Faifan ya koma juyawa a hankali. Kiɗan nan mai tsalle ya zama molo, ana taɓa shi ɗaya bayan ɗaya. Sai murya ta shigo, ta namiji, mai kauri, tana jan kowace kalma kamar mai kira daga nesa. Fillanci ne, ko ni da ba na ji na gane. Na tsaya ina mamakin baffa. Ban kawo komai a raina ba sai da aka zo ƙarshe, wurin nan da muke kwaikwayon ɗan tsako. Molon ya tsaya, mai waƙar ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce da Hausa, "Ya isa haka, ranka ya daɗe?" Wani ya amsa da Turanci daga nesa, aka yi dariya.

Gyaran muryar nan na sani. Shi nake ji kullum daga zaure kafin a tayar da salla. Na nemi benci na zauna. Dattijon ya dube ni ta saman tabarau ya tambaya ko na san mutumin. Na ce kakana ne. Ya mai da allurar zuwa farkon faifan, muka sake ji tare. Daga baya ya haɗa waya ya ɗaukar min a wayata, ya roƙe ni in bar masa kwafi, na ce ya ɗauka.

Na isa gida kafin la'asar. Kakata na zaune a tsakar gida tana tsince acca a faranti. Na miƙa mata faifanta ta duba shi gaba da baya. Ban yi mata bayani ba, na ajiye wayar a kan tabarma na kunna. Da molon ya fara ba ta ɗago ba. Da muryar ta shigo sai hannunta ya tsaya a cikin farantin. Ta jawo mayafinta daga kafaɗa ta rufe kai, yadda take yi idan ta ji sallamarsa a zaure. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ke, a ina kika samo Malam?"

Na faɗa mata komai. Ta sa na kunna ta Baturiya, ta sa na kunna wannan, sau uku tana sa ni ina canzawa. Sai ta fara dariya, hawaye na zuba, tana cewa ashe shekara da shekaru a gabansa take tiƙar rawa da muryarsa yana kallonta. Mama ta jiyo hayaniya ta leƙo ta katanga, aka kunna mata, ta riƙe haɓa ta ce Baba da ko gaisuwa a taƙaice yake amsawa. Goggo ta zo da yamma. Da ta ji sai ta ce ai dama Fillanci da Indiyanci suna ɗan kama.

Matsalar ita ce babu mai jin Fillanci a gidan. Kakana bai koya wa 'ya'yansa ba, kakata kuwa iyakarta na cinikin nono. Aka yi wa baffa waya, ya ce sai Juma'a zai shigo. Ya zo a kan babur, an cika tsakar gida ana jiransa. Da aka kunna ya sunkuyar da kai, bai motsa ba har aka gama. Sannan ya ce ba zai fassara ko kalma ba sai goggo ta maimaita maganar injin niƙa a gaban jama'a. Sai da ta durƙusa ta ce ta tuba, ta haɗa masa shayi da hannunta.

Ya sa ana tsayarwa yana fassarawa. Farkon waƙar shanu ne. Kakana na kiran shanun gidansu da suka mutu ɗaya bayan ɗaya, da launinsu da halinsu: fara mai ƙaho ɗaya a karkace, ja wadda ba ta yarda kowa ya tatse ta sai mahaifiyarsa, wata baƙa mai satar shiga gonar mutane. Ya ambaci rafukan da suke shayarwa. Baffa ya ce wasu sunayen ya ji su a bakin mahaifinsa. Daga nan waƙar ta sauko bariki, ya ce ya zo inda ake kiwon ƙasa maimakon dabba, mutane na tatsar rami. Sai baffa ya saurari baiti na gaba, ya toshe baki, ya ce shi iyakarsa nan.

Kakata ta ce ya faɗa, ita ta ba shi izini. Ya ce, "Inna, ki yafe ni, ba ni na faɗa ba." Ya juya mata gefe, yana kallon ƙasa, ya ce mai waƙar na cewa akwai wata yarinya mai tuyar waina a bakin bariki, wainarta kullum a ƙone, baƙa kamar kuza. Kullum da safe yana saye, yana ci yana hawaye, gobe kuma ya koma, domin idan tana juya waina ba ta kallon tanda, shi take kallo.

Gidan ya kece. Kakata ta miƙe zaune, ta ce ƙarya yake yi, Allah ya ji ƙansa, wainarta ba ta taɓa ƙonewa ba, duk barikin an sani. Sai ta ba mu labarin da ba ta taɓa ba mu ba. Ta ce yakan zo ya tsaya can gefe da sandarsa, ba ya cewa komai, sai layi ya ƙare. Kafin nan saura ta ƙarshen tanda, wadda ta sha wuta. Ita yake karɓa, ya cinye a tsaye, ya yi godiya. Ita kuwa ta ɗauka irin wadda yake so ke nan. Saboda haka tun daga ranar da ta tare har ya bar duniya, duk ranar da ta yi waina sai ta ware tasa ta bar ta a wuta ta yi baƙi, don ta faranta masa. Shi kuma bai taɓa cewa uffan ba, yana cinyewa. Babana, wanda ba shi da yawan dariya, sai da ya fita zaure yana riƙe da ciki.

An yi ta muhawara a kan dalilin da ya sa ya ɓoye. Baffa ya ce mutum irinsa ba zai yarda 'ya'yansa su ji shi yana waƙa ba, balle waƙar da ta taɓa matarsa, kunya ba za ta bar shi ba. Da ya ji garmahon ya sauya masa murya, sai ya samu mafaka. Kakata ta ce babu wata kunya, mugunta ce irin tasa ta shiru-shiru. Akwai kuma abin da har yau ba mu sani ba. Baffa ya rantse kakana bai taɓa riƙe molo ba, to wa ya kaɗa masa? Me ya sa Baturen ya yanka faifan, kuma me ya sa bai tafi da shi ba? Waɗanda za su faɗa duk sun tafi.

A bikin da ya biyo baya aka sa mai tafiya a hankalin, ta ainihin muryarsa, a lasifika. Manya suka yi jugum, yara suka tsaya suna kallon juna, har goggo ta je ta ce wa mai kiɗa ya mayar musu da mai gudun. Tun daga nan aka raba: ta gudu ta biki ce, ta hankali ta gida. Kakata ta sa na saya mata ƙaramar rediyo mai cin memori, aka sa mata ita kaɗai a ciki. Da hantsi takan kunna tana shan rana, kuma ta haddace inda baitin wainar yake. In an zo wurin sai ta nuna rediyon da yatsa ta ce ai da sai ya yi magana. Ta yi shekara huɗu tana wannan faɗan da shi kafin ita ma ta rasu, cikin jikokinta da tattaɓa-kunnenta.

Bara ina cikin keke mai ƙafa uku za mu wuce Tina Junction, cunkoso ya tsayar da mu, sai na ji muryar kakana ta tashi a kan titi, sama da hon da kiran 'yan kamasho. Na sauka tun ban kai inda za ni ba. Ashe dattijon da ita yake gwada duk lasifikar da ya gyara, ya ce murya ce mai kauri, in lasifika na da matsala nan take take tonawa. Ya ba ni benci, ya ce ba ni kaɗai ke tsayawa ba. Ranar kasuwa Fulani masu wucewa sukan rage tafiya. Akwai wani tsoho da ya jingine kekensa a bakin shagon, ya sa aka maimaita masa sau uku, ya ce ya san biyu daga cikin rafukan nan, ɗaya ya ƙafe, ɗaya kuwa har yanzu a nan jikokinsa ke shayarwa. Na tambaya ko ya bar adireshi. Dattijon ya ce a'a, tsohon dai ya ce a gaida masu gidan, ya hau kekensa ya tafi.